Aksul ɗin Land Cruiser a ƙarƙashin tsohuwar Hilux: na gaban 80 da na bayan 79 za su zauna tare?

Ɗan_Nguroje ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah iyayen gidanmu makanikai da manyan direbobi shawara nake nema kafin in zuba kuɗi.

Ina da tsohuwar Hilux LN106 mai injin 3L na dizal, irin mai aksul ɗin gaba sanda ɗaya ɗin nan da sifirin na faifai gaba da baya. Aikinta kwaso masara da wake daga ƙauyukan bayan Gembu, wani lokaci har in sauka da kaya Mayo Selbe in wuce Serti. Wanda ya san Mambila da damina ya san abinda nake nufi, jar laka ce mai santsi ga hawa ga gangara ga ramin da tsofaffin Land Rover suka haƙa da tayarsu, to da zarar nayi lodi aksul ɗin baya ne yake hana ni sakat, yau boris gobe shaf ya murɗe jibi mai na tsiyaya cikin birki, na gaban ma in na sa taimako, wato giyar da ke sa tayu huɗu duka su ja, na karya sitiyari ƙarshe sai kaji ƙas ƙas ƙas kamar zai tarwatse.

Yanzu abokina a Kano ya samo min aksul ɗin gaba na Land Cruiser 80 a Ƙofar Ruwa cikakke har da birkinsa, wani kuma a Kaduna yace akwai na baya na 79, wadda ake ce ma Buffalo, an ciro daga motar da tayi hatsari kuma bai sha wahala ba. Ni a ganina tunda duk Land Cruiser ne kuma 79 ce uwar ɗaukar kaya ai haɗin yayi. Amma mai waldarmu yace in tambaya tukuna. Za su zauna tare? In ba za su zauna ba wanne ya kamata in nema? Nagode Allah ya bar zumunci.

Oga_Mai_Sifana ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam mai waldar nan naka ka riƙe shi da kyau, ya cece ka. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya tukuna, waɗannan biyun sunan gidansu ne kawai ɗaya.

Fara da abinda ido ke gani. Aksul ɗin 80 notin taya 6 ne, irin zaman na Hilux ɗinka, faɗin da'irar notin milimita 139.7. Ita kuwa 79 tun fitowarta a 1999 noti 5 take da shi, zaman milimita 150. Kaga kenan rim ɗin gaba ba zai shiga baya ba, sai ka riƙa yawo da sifiya biyu a daji, wurin da ya kamata buhu ya zauna taya ta cinye. Akwai masu cewa a sa faranti a mayar da 5 zuwa 6, ni dai motar da za ta ɗau lodi ta gangaro daga Maisamari ba zan sa mata wannan ba ko da kyauta aka bani.

Na biyu faɗi. Aksul ɗin 80 ya fi na bayan 79 faɗi da abinda ya haura santimita 10, motarka za ta zama gaba a buɗe baya a tsuke.

Amma duk wannan wasa ne, babbar maganar rashiyo ce, wato lissafin haƙoran kirawun da finiyon da ke cikin tulun aksul ɗin. Yawancin 80 haƙori 41 ne a kirawun, 10 a finiyon, in ka raba 4.10 kenan. 79 mai injin 1HZ kuwa 43 ne da 10, 4.30. A takarda kamar ba komai ko? To lissafa. Tiransifar Hilux ɗinka, wato akwatin da ke raba ƙarfin inji gaba da baya, in ka sa taimako kulle farfelar gaba da ta baya (sandunan da ke kai juyi zuwa aksul) take yi su juya daidai wa daida, babu wani abu a tsakiya da zai raba musu gardama. Farfela ta juya sau 43, tayar baya ta juya 10, ta gaba kuma ta kusa 10 da rabi. Bambancin ya kusa kashi 5 cikin 100, ma'ana a duk kilomita ɗaya ƙafar gaba na son ta riga ta baya da wajen mita 50. Kamar ka ɗaura shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa. A cikin laka tayar za ta riƙa zamewa ta huce, ba lallai ka lura ba sai dai kaji motar na jan jiki tana shan mai, amma ranar da ka hau busasshiyar ƙasa ko dutse da lodi taya ta kama ƙasa gam, ƙarfin nan dole ya nemi mafita, ko kuros ɗin farfela ya tafi ko haƙorin tiransifa ko kan shaf ɗin gaba, kuma tun kafin nan za ka ga giyar taimakon ta ƙi fita sai kayi ribas.

In bambancin ɗan kaɗan ne kamar 4.10 da 4.11 wannan ba matsala, ko iskar taya ma tana kawo fiye da haka.

Yadda za ka gane rashiyo ba sai an buɗe ba, kuma abokinka zai iya yi a gaban mai kayan: a samu alli a yi alama a inda farfela ke ɗauruwa, a yi wata a jikin hob, inda rim ke ɗauruwa. Mutum ɗaya ya riƙe ɓangare ɗaya kar ya motsa, wani ya juya ɗaya ɓangaren sau 20 cif, na uku yana ƙirga juyin wurin farfelar. In ya ƙirga 41 to 4.10 ne, in 43 to 4.30. Kada a yi juyi biyu kawai a ce "huɗu da ɗan wani abu", wannan ɗan wani abun shi ne maganar gaba ɗaya. In ɗaya ɓangaren ya ƙi riƙuwa, to tulun mai kamawa ne, irin wanda ke riƙe tayun biyu tare, sai a juya duka biyun tare sau 10. Kuma ko an rubuta lamba da fenti a jiki a ƙirga, kayan da suka shekara 30 suna yawo hannu nawa suka bi, wani ya canja cikin tun a can.

Sannan ka duba farantin da ke cikin bonet ɗin motarka, layin da aka rubuta giyabos da aksul, ka turo mana lambar. Akwai dalilin da yasa nake tambaya.

Ba'agadashe_79 ya rubuta:

Salamu alaikum. Maigida Oga ya gama magana kan haƙora, ni kan faɗi zan ƙara don mu nan wanga abu mun san shi a jikinmu. Tun 2007 da Toyota sunka faɗaɗa gaban 79 don injin V8 ya samu wuri, sunka bar aksul na baya yadda yake, gaba ya fi baya da milimita 95. A kwalta ba ka jin komi. Amma ka kama hanyar Dirku ko Djado a hamadarmu ta Nijar cikin rairayi mai taushi da lodin jarkoki, tayar baya ba ta bin sawun ta gaba daidai, gefe guda na cikin sawu gefe guda na yankan sabon rairayi, sai ka ji gindin mota na lilo tana neman nutsewa. Wannan kampani ne da kanshi ya yi kuma bai kai santimita 10 ba, kai kuma kana so ka haɗa wanda ya fi haka. A laka mai kwari irin taku ma abin zai fi muni.

Ni in ni ne kai, 80 ɗin ma gaba ɗaya zan bari. Mota ce mai kyau wallahi, amma ƙafarta sifirin mai nannaɗe ne, duk kunnuwan da ke jikin aksul ɗin sai an yanke an goge an yi sabon mazauni na faifai, kuma ta fi Hilux ɗinka faɗi sosai tayu za su leƙo waje suna watsa ma gilas laka. Abinda ya dace da kai 75 ce, Land Cruiser ɗin da ta riga 79, wadda anka yi daga 1984 zuwa 1999. Noti 6, faifai gaba da baya, faɗinta kusa da na Hilux, galibi 4.11 gaba da baya, kuma na bayan babba ne kirawun inci 9.5, naka inci 8 ne.

Abinda ya sa muke son na bayanta shi ne shaf ɗin ba ya ɗaukar nauyi. Hob ne zaune kan boris biyu a jikin bututun aksul, shi ke ɗauke da lodi, shaf juyawa kawai aikinshi. Naka na Hilux shaf ɗin ne ke juyawa kuma shi ke ɗauke da buhunan, boris guda a baki, shi ya sa kake ta canji. Na 75 ko shaf ya karye taya ba ta hita, ka kwance ƙananan notin da ke tsakiyar wili ka zare guntun, ka toshe ramin da tsumma, ka sa taimako ka taho gida da ƙafar gaba a hankali. Za ka gane shi daga nesa, hob ɗin ya turo kai waje a tsakiyar rim da ƙananan noti kewaye.

Sai dai ka sayi biyun daga mota guda. Kar ka ɗauki gaba a wani gari baya a wani gari, ko duk an ce ma 75 ne.

Oga_Mai_Sifana ya rubuta:

Malam Ba'agadashe ka kawo magana, na yarda da 75. In ƙara masa abu ɗaya da mutane basu sani ba, tulun gaba na 80 shima inci 8 ne kamar na Hilux, finiyon ɗin ne kawai aka ɗaga sama, ribar da ke ciki kan shaf ɗin ne da ya fi girma da kaurin bututu. 75 ma daga 1990 irin wannan tulun aka koma sa mata a gaba, na kafin nan ne 9.5. Don haka wanda ke tunanin in ya sa na 80 ya gama da karyewa har abada ya rage buri.

Inda ban yarda a wuce da sauri ba shi ne gefen da tulun baya yake. Land Cruiser tulunta na baya ya karkata dama saboda tiransifarta ta gefe take fitar da farfela, Hilux kuma a tsakiya take fitarwa. In ka ɗaura haka farfelar za ta tafi a karkace, ƙasa da gefe lokaci ɗaya. Doguwar mota ce don haka ana yi kuma tana tafiya, amma sai an auna, in kwanar tayi yawa za ka ji rawa a gudu kuma kuros ba zai daɗe ba, sannan a duba tankin mai kar su haɗu in mota ta zauna da lodi. Nissan Patrol Y60 nata a tsakiya yake kuma noti 6 ne, aksul ne mai ƙarfin gaske, sai dai faɗi da sifirin matsalarta ɗaya da 80. Na gaba kam ka huta, tulun Hilux ɗinka dama yake na 75 ma dama.

Bahaushen_Texas ya rubuta:

Sallama daga nesa. Na ji daɗin zancen nan don a nan Amurka irin wannan aikin sana'a ce guda, masu hawan duwatsu da Jeep su ciro aksul ɗin manyan akori-kura su sa a ƙarƙashi don su ɗaura taya inci 40. Wanda aka fi so Dana 60 a gaba, a baya kuma na GM da ake kira 14 bolt mai kirawun inci 10.5, ko Sterling na Ford. Kuma wallahi ramin da Ɗan Nguroje ya kusa faɗawa shi ne dai suke faɗawa a nan. Mutum ya samu Dana 60 na Ford Super Duty da araha ya samu 14 bolt na tsohuwar Chevy, duka noti 8, sai ya zo sa rim ya ga ba ya shiga, don Ford daga 1999 sun koma zaman milimita 170, tsohon kuwa inci 6.5 ne wato 165.1. Milimita 5 bai cika ba amma ya isa ya sa ka sayen wasu rim ko kai hob wajen masu huji. Ga gefen tulu, na Ford hagu yake, na tsohuwar Chevy ta 1977 zuwa 1991 dama yake, in bai dace da tiransifarka ba wani sabon kashe kuɗi ne.

Shi yasa masu wayo suke neman mota ɗaya su kwashe ƙafafunta biyu. Akwai tsohuwar motar sojan Amurka M1008, Chevy ce, ta zo da Dana 60 da 14 bolt duka 4.56 har da abin kulle tayun baya, in ta fito kasuwa rububinta ake yi saboda wannan kawai.

Amma dan Allah ɗan'uwa kar wani ya zuga ka kayo odar irinsu. Dana 60 na gaba kaɗai ya haura kilo 200, injin 3L bai kai doki 100 ba, sannan ranar da boris ya mutu a Dorofi wa zai baka? Na Toyota ko a Jalingo ka samu. Kuma babban tulu yana rage tsayin mota daga ƙasa in ba a ƙara girman taya ba, a nan 14 bolt har yanke masa gindi ake yi don kar ya riƙa noma.

Yaron_Mota_Bali ya rubuta:

Ni dai nace oga ka sa na Canter a baya kawai taya huɗu ka huta, ka loda buhu 40 ba abinda zai same shi hhhh

Oga_Mai_Sifana ya rubuta:

Kai yaro aksul ɗin ba abinda zai same shi kam, shasin ne zai rabe biyu a hawan farko. Kuma ina zai samo na gaban da zai yi daidai da haƙoran Canter? Ka bari manya suyi magana.

Amma ka tuna min wani abu. Malam Ɗan Nguroje aksul ɗin Land Cruiser ba zai mayar da Hilux Land Cruiser ba, shasi da giyabos da kuloci duk na da ne. A yi shi don a daina kwana a daji, lodin da kake yi yanzu kar ka ƙara masa.

Ɗan_Nguroje ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Na kira na Kaduna nace a bar maganar 79. Oga na duba farantin, G252 aka rubuta a ƙarshen layin. Abokin nawa kuma yace akwai wata 75 da ake yankawa, ƙafafun duka suna nan ba a raba ba amma sitiyarinta a dama yake, mai kayan yace ba komai duk ɗaya ne. Haka ne?

Oga_Mai_Sifana ya rubuta:

To ga dalilin tambayata. G ɗin nan inci 8 kenan, 25 kuma 4.56, haƙori 41 da 9. In ka koma 4.11 ka zubar da wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ja a kowace giya, in kuma ka biye wa kwalliya ka sa taya 7.50R16 irin ta Land Cruiser ka sake zubar da wani, don ta fi taka tsayi. Hawan da kake yi da giya biyu zai koma giya ɗaya, inda kake tashi da ɗaya sai ka nemi ƙaramar giyar taimako, kuloci ne zai biya bashin. A Kano ko Agadas wannan ba zai dame ni ba, har ma mota ta fi sakewa a kwalta, amma kai dutse kake hawa da masara. Ko dai ka zauna a ƙaramar taya ka gwada ka gani, ko ka tanadi kuɗin canja kirawun da finiyon duka biyu zuwa 4.56 ko 4.88, ana samunsu sababbi, kuma wanda zai ɗaura ya zama ya iya saitin zaman haƙori da shuɗin fenti, in ba haka ba kuka za su fara kafin wata ya ƙare. Kuma kar kace za ka cire na Hilux ɗinka ka zuba a tulun gaba mai finiyon a sama, yankan haƙoransu a juye yake.

Maganar sitiyari a dama kuwa ba duk ɗaya ba ne. Bututun da tulun ba su canja ba, amma hannun da sandar sitiyari ke kamawa a ɗaya gefen yake, sai ka nemo hannaye da sanduna na mai tuƙin hagu. Ana samu, amma a cire kuɗinsu daga farashin tun yanzu. Ai ko na hagun ne sai an yi aiki, don Hilux irin taka sandarta gaba da baya take turawa a gefe ɗaya, ta Land Cruiser kuma tsallakawa take yi, wataƙila har akwatin sitiyarin ka canja. Ko ka ce a haɗo maka da shi daga jikin motar da ake yankawa ba zai yi ba tunda na dama ne.

Faɗa wa mai waldarka abu uku. 75 sifirin ɗinta a ƙarƙashin aksul yake, Hilux a sama, don haka sabon mazauni zai yi. A na gaba kada ya murɗa aksul ɗin don hancin tulu ya kalli farfela, in ya yi haka ya kashe kwanciyar da ke sa sitiyari dawowa tsakiya, mota za ta riƙa yawo a titi wani lokaci gaban ya kama karkarwa. Ya auna yadda yake zaune a motarsa ta asali ya maimaita. Kuma ya ɗiga walda kaɗan kaɗan tukuna, a sauke motar kan tayarta a ɗora mata buhuna a duba farfela da shokazoba da tiyon birki, sannan ya ƙone gaba ɗaya, yana yi yana barin ƙarfen ya huce don kar bututun ya lanƙwashe.

Ka ce wa abokin naka ya karɓo har da mastan birki da wayar hambirki da guntayen farfela biyu na wajen tulu, notinsu ba lallai ya dace da naka ba. Ya zare shaf ɗin baya ya ga haƙoran bakinsu, ya leƙa ƙwallon gaba in giris ya haɗe da man giya ya zama kunu to silin ciki ya tafi, ba abin fasa ciniki ba ne amma abin ragi ne.

Ba'agadashe_79 ya rubuta:

Kuma ya ɗora doguwar igiya ko ƙarfe miƙaƙƙe bisa bututun na baya ya gani, motocin da sunka yi aikin zinariya da yawa aksul ɗinsu ya lanƙwasa ido bai gani, sai ka ga tana cin taya ta ciki. In ya ƙirga juyin ka rubuto muna lambar gaba da ta baya kafin ka tura kuɗi.